Abin da Ya Kamata a Duba Idan Zarto Mai Batir Ya Kasa Yanka Filawud Mai Kauri

Yawan ɗaukewar wutar lantarki da tsadar man janareta sun sa kafintoci da dama sun koma amfani da zarto mai faifai wanda ke aiki da batir, kuma a yawancin ayyuka ba ya ba su kunya. Yana ratsa tubaitu (katako mai inci biyu da biyu) da siraran alluna ba tare da gardama ba. Amma ranar da aka ɗora shi a kan filawud mai kaurin milimita 18 ko 25, sai a ji kukansa ya sauya, gudun faifan ya ragu, bakin yankan ya yi baƙi, wani lokaci ma zarton ya tsaya cik a tsakiyar allo. Abin da aka fi faɗa a irin wannan hali shi ne injin ya gaji, alhali kuwa injin ne ya kamata ya zo ƙarshe a cikin abubuwan da za a zarga. Ƙarfin zarto mai batir ƙayyadadde ne, kuma a mafi yawan lokuta ƙarfin yana nan, sai dai yana zurarewa ne ta wajen faifai, ko ta yadda aka shimfiɗa allon, ko ta batirin da aka saka, tun kafin ya isa ga katakon.

Dalilin da ya sa filawud ya fi katakon gargajiya wahalar yanka yana cikin yadda aka ƙera shi. Siraran ɓawon katako ne aka jera bisa juna, kowane ɗaya jijiyoyinsa sun gitta na wanda ke ƙarƙashinsa, aka manne su da gam mai tauri ƙarƙashin zafi da matsi. Filawud na itacen birch mai milimita 18, alal misali, yana da shimfiɗa 13, wanda ke nufin layukan gam 12 ne kowane haƙorin zarto zai keta. Saboda haka haƙorin yana yanka tare da jijiya da kuma gicciyenta a lokaci guda, gam ɗin kuma yana cin kaifinsa fiye da yadda itace kaɗai ke ci. Allon da zarto mai waya, mai ƙarfin wat 1,200 zuwa 1,800, zai wuce ta cikinsa ko da faifansa ya ɗan dakushe, shi ne zai tona asirin kowace ƙaramar matsala a zarto mai batir.

Kafin a taɓa komai a jikin zarton, a cire batir. Sakin makunni bai isa ba, domin hannu yana iya danna shi bisa kuskure yayin da yatsu ke kusa da haƙora.

Faifan zarto

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin a nan aka fi samun matsalar. Da farko a duba inda haƙoran suka fuskanta. A zarto mai faifai, haƙoran da ke gaba suna tasowa ne daga ƙasa zuwa sama, kuma akwai kibiya a jikin faifan da wata a jikin murfin kariya, dole ne su biyun su nuna waje ɗaya. Wannan kuskure yana faruwa fiye da yadda ake zato, saboda yawancin zartuna masu batir masu faifan milimita 165 faifansu yana hagun inji ne, ba dama ba kamar yadda aka saba a masu waya. Wanda ya saba sanya faifai rubutunsa na kallon waje, idan ya yi haka a irin wannan zarto yana iya sanya shi a juye. Faifan da aka juya yana gogar katako ne da bayan haƙori, yana tara hayaƙi, ba ya ci gaba.

Bayan haka a duba kaifi. Haƙoran faifan zamani ƙananan guntaye ne na ƙarfe mai tauri da ake kira kabaid, waɗanda aka liƙa a bakin faifan. A ɗaga faifan zuwa haske a juya shi a hankali: haƙori mai kaifi bakinsa ba ya mayar da haske, wanda ya dakushe kuwa za a ga siririn layi mai ƙyalli a bakinsa. A ƙirga su kuma, domin haƙori ɗaya ko biyu da suka ɓalle sun isa su sa zarton ya riƙa karkarwa yana jan ƙarfi. Magagari na hannu ba ya cin kabaid, sai dutsen washi mai lu'ulu'u, don haka faifan da ya dakushe ko dai a kai shi wurin masu injin washi, ko a sauya shi. A ƙananan faifai masu araha, sauyawa ta fi sauƙi.

Sau da yawa faifan bai dakushe ba, datti ne ya rufe shi. Ƙaron itace da gam ɗin filawud suna narkewa da zafin yanka su daskare a gefen haƙora da jikin faifan, su zama wani abu mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi. Wannan dattin yana ƙara wa faifan kauri, yana sa shi gogar bangon tsagar, gogar tana ƙara zafi, zafin kuma yana ƙara narkar da ƙaro. Maganinsa ba ya cin kuɗi: a cire faifan, a jiƙa shi na mintoci kaɗan a kananzir ko a ruwan ɗumi da omo, a goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori, a shanya shi sosai don kada ya yi tsatsa. Kada a kankare shi da wuƙa ko buroshin waya mai tauri, gudun karya bakin haƙoran. Na sha ganin zarton da aka yanke wa ƙauna ya dawo da kuzarinsa da wannan wankin kaɗai.

Sai batun irin faifan da aka zaɓa, wanda shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kowane faifai yana cinye wani faɗi na katako ya mayar da shi gari, kuma wannan faɗin shi ne aikin da inji ke yi. Faifan da aka ƙera don zarto mai batir yana yin tsaga mai faɗin milimita 1.5 zuwa 1.8, na zarto mai waya kuwa yakan kai milimita 2.4 ko fiye. Idan aka sanya mai 2.4 a madadin mai 1.6, an ƙara wa injin rabin aikinsa a kan kowane taƙi da zai yanka, ba tare da an sami wata riba ba. Faɗin tsagar yana rubuce a jikin faifan ko a kwalinsa, kuma ya cancanci a karanta shi kafin a biya kuɗi.

Yawan haƙora shi ma yana da nasa tasiri. Kafintan da ke son baki mai kyau yakan nemi faifai mai haƙora 60, yana ganin yawansu shi ne inganci. Gaskiya ne yana ba da yanka mai santsi, amma ramukan da ke tsakanin haƙoransa ƙanana ne, kuma a allo mai kauri ba sa iya kwashe garin katako da sauri, ga kuma haƙora da yawa da ke cikin itacen a lokaci guda, kowanne yana neman kasonsa na ƙarfi. Mai haƙora 24 yana tafiya da sauƙi amma yana tsattsage fuskar allon. A faifan milimita 165, abin da na ga ya fi dacewa da filawud na kabad shi ne siririn faifai mai haƙora 40. Idan kuwa aikin na shirya katakon zuba dakin (rufin kankare) ne, inda ba a damu da kyan baki ba, mai 24 ya fi.

Kafin a bar faifan a tabbatar notin da ke riƙe shi ya ɗauru, kuma washar ciki da ta waje suna zaune daidai, babu garin katako a tsakaninsu da faifan. Alamar sako-sakon noti ba ta ɓuya: za a ji inji yana gudu da cikakken kukansa amma faifan ya tsaya a cikin katako. Haka kuma ramin tsakiyar faifan dole ne ya dace da sandar da yake hawa, domin akwai mai milimita 16, akwai mai 20, akwai mai 30, kuma faifan da ke lilo a kan sanda ba zai taɓa yanka daidai ba.

Yadda aka shimfiɗa allon

Cikakken filawud tsawonsa milimita 2,440 ne, faɗinsa 1,220, wato ƙafa takwas da ƙafa huɗu, kuma mai milimita 18 yana da nauyin da zai lanƙwasa kansa. Idan aka ɗora shi a kan benci biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, aka fara yanka ta tsakiya, to yayin da tsagar ke tsawo ɓangarorin biyu suna nutsawa ƙasa, bakinsu na sama yana haɗuwa ya danne faifan. Alamar wannan ita ce zarton yana fara yanka lafiya, sai ya kai rabi ko ya wuce kaɗan sannan ya fara shaƙewa. Duk wanda ya ga haka, ya duba shimfiɗarsa kafin ya duba zartonsa.

Wannan ba matsalar ƙarfi ba ce kaɗai, haɗari ne. Faifan da aka danne yana iya hawa kan tsagar ya sa zarton ya yi tutsu, ya zaburo baya zuwa ga cinya ko hannun mai aiki. Gyaran shi ne a jera tubaifo (katako mai inci biyu da huɗu) guda huɗu a ƙasa ko a kan babban benci, biyu a kowane gefen layin yanka, biyu na ciki suna kusa da layin, ta yadda idan allon ya rabu babu ɓangaren da zai faɗi ko ya karkata. Idan allon da kansa yana da ɗan lanƙwasa, kuma tsagar tana rufewa a bayan zarto duk da kyakkyawar shimfiɗa, a tsaya, a cusa ɗan ƙaramin weji na katako a farkon tsagar don ta zauna a buɗe, sannan a ci gaba.

Zurfin faifai kuma a daidaita shi da kaurin allon. Ƙa'idar da ke cikin littattafan masu ƙera zartuna ita ce abin da zai leƙo a ƙarƙashin allon kada ya kai tsawon haƙori ɗaya cikakke, wato milimita kaɗan. Idan aka saki faifan gaba ɗaya, jikinsa mai yawa yana shiga cikin tsagar, kuma ƙaramar karkata ta hannu ta isa ta sa ya goga bango ya kama.

Batir

Lambar da mutane suka fi dubawa a jikin batir ita ce ta volt, amma ita ce mafi ƙarancin ba da labari. Batirin da Makita da Bosch da Milwaukee ke rubuta wa 18V, da wanda DeWalt ke rubuta wa 20V Max a Amurka, da na Ingco da Total masu 20V da suka cika kasuwanninmu, duka ƙwayoyin lithium biyar ne aka jera a layi. Kowace ƙwaya tana ba da volt 3.6 a lokacin aiki, biyar sun zama 18, lamba 20 kuwa awo ne na batir mai cikakken caji da ba a ɗora masa aiki ba. Bambancin da ke shafar zarto yana cikin lambar Ah.

Mutane suna ɗauka Ah yana nuna tsawon lokacin aiki ne kawai, amma yana nuna har da yawan wutar da batirin ke iya bayarwa a lokaci guda. Batir mai 1.5 ko 2.0Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar. Mai 4.0 ko 5.0Ah, a irin ƙwayoyin da ake kira 18650, layi biyu ne, ƙwayoyi goma, waɗanda ke raba nauyin a tsakaninsu. Lissafin ba shi da wuya: idan zarto yana bukatar wat 720 don ya ratsa allo mai kauri, a volt 18 yana jan amfiya 40 ke nan. A batir mai layi ɗaya kowace ƙwaya ita za ta ɗauki 40 ɗin gaba ɗaya, a mai layi biyu kuwa 20 kowacce za ta ɗauka. Ƙwayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta volt ɗinta yana faɗuwa, tana yin zafi, sai na'urar kariya ta yanke wutar. Shi ya sa ƙaramin batirin da ya zo tare da injin huda katako yake aiki lafiya a can, amma da an saka shi a zarto sai ya riƙa tsayawa. Filawud mai milimita 18 zuwa sama yana bukatar batir mai 4.0Ah aƙalla, kuma mai 5.0 ya fi kwanciyar hankali.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ari batir mai girma, mai lafiya, mai cikakken caji, a sake yanka irin allon. Idan matsalar ta tafi, an gano ta. Batirin da ya tsufa yana iya nuna fitilunsa duka a kunne, ya kuma juya faifai da gudu a iska, amma ya durƙushe da zarar haƙora sun taɓa katako, domin tsufa yana rage masa iya bayar da wuta mai yawa tun kafin ya rage masa iya riƙe caji. Jabun batir ma haka yake yi. Akwai waɗanda aka buga wa 6.0Ah a jiki alhali ƙwayoyin da ke ciki ba su kai rabin haka ba, kuma sau da yawa nauyinsu a hannu yana tona su idan aka gwada da na asali. A kuma leƙa ƙarafan da ke haɗa batir da zarto, a share ƙura da garin katako da busasshen buroshi, a tabbatar batirin yana shiga har ya yi ƙas.

Zafi abokin gabar batir ne, kuma mu a nan ba mu da ƙarancinsa. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, batirin da aka bari a rana ko cikin but ɗin mota kuwa yana fin haka nesa. Irin wannan batir ya riga ya kusa iyakar da kariyarsa ke yanke wuta tun kafin a fara aiki. Idan zarto ya yi yanka biyu ko uku lafiya sannan ya fara tsayawa, kuma batirin yana da zafi a tafin hannu, a ajiye shi a inuwa ya huce, a yi aiki da wani. Kada a ɗora shi a caja yana da zafi, domin ƙwayoyin lithium ba a cajinsu sama da kimanin digiri 45, kuma caja mai kyau ma ba za ta fara ba sai ya huce.

Daidaiton faranti da yadda ake tura zarto

Idan zarton yana yanka da sauƙi lokacin da ake bin layi da ido, amma yana shaƙewa idan aka jingina shi da miƙaƙƙen katako na jagora, to farantin ƙasa, wanda zarton ke zama da shi a kan allo, ba ya tafiya daidai da faifan. Faɗuwa ɗaya daga kan benci ta isa ta jawo haka. A cire batir, a sauke faifan zuwa cikakken zurfinsa, a auna da rula daga gefen farantin zuwa wani haƙori a gaba, sannan a juyo wannan haƙorin baya a sake aunawa. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. Idan sun bambanta, faifan yana tafiya ne a karkace, bayansa yana gogar bango ɗaya, kuma za a ga ƙuna a gefe ɗaya kawai na yankan. Wasu zartuna suna da sukurorin da ake sassautawa a gyara farantin, wasu kuwa sai an sauya shi. Da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, kuma a duba cewa faifan yana tsaye cak a kan farantin, kuma maɗaurin karkatarwa ba ya motsi.

Wajen turawa, a bar faifan ya kai cikakken gudunsa kafin ya taɓa allo, sannan a bar kunne ya jagoranci hannu. Muddin kukan injin yana nan daram, saurin ya yi daidai, da zarar ya fara yin ƙasa sai a rage turawa har ya dawo. Jinkiri fiye da kima shi ma yana ƙona katako, domin haƙoran suna gogar wuri ɗaya. Idan zarton ya tsaya a cikin tsaga, a saki makunni, a riƙe shi yadda yake har faifan ya daina juyawa, a ja shi baya kaɗan don haƙoran su rabu da katako, sannan a sake kunnawa.

A allo mai milimita 25, ko idan batirin da ke hannu ƙarami ne, babu laifi a raba yankan biyu: a daidaita faifan zuwa rabin kauri a wuce sau ɗaya, a sauke shi a sake wucewa. Wannan yana bukatar jagora da aka matse da kyau, don zagaye na biyu ya faɗa cikin tsagar farko. Fuskar allon mai kyau kuma a kifa ta ƙasa, tunda haƙoran suna fita ne ta sama, kuma a can tsattsagewar ke faruwa.

Allon da kansa yana iya zama sanadi. Filawud da ya sha danshi a damina garinsa yana dunƙulewa ya toshe haƙora, tsagarsa kuma tana kumbura ta kama faifai. Baƙin allon da magina ke kira marin bod, idan an riga an zuba dakin da shi, yana ɗauke da busasshen siminti da yashi da guntayen ƙusoshi, kuma yanka ɗaya a cikinsa ya isa ya kashe sabon faifai. A ware masa tsohon faifai nasa na daban.

Injin

Sai an wuce duk waɗannan sannan a juyo kan inji. A hura ramukan shan iska, domin ƙurar hunturu da garin katako suna toshe su, inji mai zafi kuma ƙarfinsa yana raguwa. A juya faifan da hannu, batir a cire: idan yana da nauyi, ko ana jin yana gurza kamar akwai yashi a ciki, ko yana lilo gefe da gefe, boris ne ko giya suka ci, kuma wannan aikin mai gyara ne. A duba murfin kariya na ƙasa ma, domin idan yana liƙewa yakan tokare bakin allo har a ɗauka faifan ne ya kasa. A wanke shi ya riƙa komawa da kansa, amma kada a taɓa ɗaure shi a buɗe.

A zartuna masu burushin kabon, wato ƙananan guntayen kabon biyu da ke kai wuta cikin inji, ragin ƙarfi tare da yawan tartsatsi a bayan inji, ko zarton ya riƙa kamawa yana saki, alama ce ta burushin ya cinye. Sauya shi ba ya da tsada, sai dai a sauya duka biyun tare, da irin lambar da aka ƙera wa zarton. Warin ƙonewar waya kuwa yana nufin koyil ya fara ƙonewa, kuma a daina aiki da shi nan take.

Akwai kuma iyakar da gyara ba ya ketarewa. Makita DSS611, mai burushi, faifansa yana juyawa sau 3,700 a minti, DHS680 marar burushi kuwa sau 5,000, alhali dukansu faifan milimita 165 suke ɗauka kuma zurfin yankansu milimita 57 ne. Na farkon zai yanka filawud mai milimita 18 idan an ba shi siririn faifai mai kaifi da batir mai 5.0Ah, amma a hankali. Kafintan da aikinsa na kullum shi ne tsaga alluna masu kauri tun safe har yamma, abin da ya dace da shi shi ne zarto marar burushi mai faifan milimita 184 ko 190, ko irin masu volt mafi yawa kamar FlexVolt na DeWalt da XGT na Makita, ko kuma ya kai allunan wurin masu injin tebur a kasuwar katako, kamar ta Na'ibawa a Kano, a tsaga masa manyan yanka, ya bar wa zarton batir gyare-gyaren wurin aiki.